Wasiƙa Daga Kuala Lumpur: Wa Ke Biyan Kuɗin Barcin Direba?



'Yan uwa da abokan arziki, barkanmu da warhaka. Ina fata kowa yana lafiya, da su Baba da su Hajiya da yara baki ɗaya. Wannan karon wasiƙar daga Kuala Lumpur take fitowa, babban birnin ƙasar Maleshiya, inda na baro Ingila na zo taron ƙara wa juna sani na mako biyu. Masaukina yana kusa da wani titi mai suna Jalan Tuanku Abdul Rahman, kuma a kan abincin da ke shigowa wannan titi da mutanen da ke kawo shi nake so mu tattauna. Dalili kuwa shi ne, labari ya iso mini cewa Kawu ya ƙara mota ta biyu a harkar kai tumatir Legas, kuma ƙaninmu da ke bin motar an fara sakar masa sitiyari. Allah Ya sanya alheri, Ya tsare hanya. To amma tun da abin ya shigo cikin gida, ya kamata mu san tarihin wata tambaya da kowace ƙasa mai manyan motoci ta yi fama da ita: awa nawa mutum zai yi yana tuƙi kafin a ce ya sauka ya kwanta, kuma wa zai biya kuɗin wannan kwanciya?

Titin da keken shanu ya fara bi

Kalmar "jalan" a harshen Malay tana nufin titi. Shi kuwa Tuanku Abdul Rahman, sarkin jihar Negeri Sembilan ne, kuma shi ne sarkin ƙasa na farko bayan samun 'yancin kai ranar 31 ga Agusta 1957. Hotonsa ne a jikin takardun kuɗinsu na ringit. Kada a haɗa shi da Tunku Abdul Rahman, firayim ministan farko, sunan ne kawai ya zo kusan ɗaya. A zamanin Turawa ana kiran titin da Titin Batu, domin shi ne hanyar da ta nufi wani yanki mai suna Batu, wato "dutse", inda ake haƙar kuza. Ita kanta Kuala Lumpur garin kuza ce, kamar dai Jos da Bukuru a wurinmu. Wajen shekarar 1857 'yan ƙasar Sin masu haƙar kuza suka fara kafa sansani a mahaɗar kogin Klang da na Gombak, kuma kafin jirgin ƙasa ya iso daga Klang a 1886, shinkafa da busasshen kifin da ma'aikatan ke ci a kwale-kwale da keken shanu ake kawo su.

A wancan lokaci babu wanda ya zauna ya rubuta dokar hutun mai keken shanu, domin babu bukata. Sa yana da lokacin kiwo da lokacin shan ruwa, in rana ta take kuma sai an kwance shi a inuwa, in ba haka ba ya durƙushe a hanya, an yi asarar sa da kaya. Idan sa ya huta, mai shi ma ya huta.

A yau titin cike yake da kantunan yadi da mayafai da kayan sallah, in ka shiga wani sashe sai ka ce a Kantin Kwari kake. A ƙarshensa ta arewa akwai kasuwar Chow Kit, wadda ta ci sunan wani attajiri na zamanin Turawa, Loke Chow Kit. Ita ce kamar 'Yankaba ta wannan unguwa: kifi, nama, barkono, kabeji, latas, tumatir. Galibin kabeji da latas da tumatirin nan daga tsaunukan Cameron suke, kimanin kilomita 200 arewa da birnin, wuri mai tsayin kusan mita 1,500 da sanyi irin na Jos ko Mambila. Wani Bature mai awon ƙasa, William Cameron, shi ya hau wurin a 1885, kuma wajen 1930 aka gama hanyar mota mai kwana-kwana da ta hau can daga garin Tapah. Ana yankan ganyen da rana, a yi lodi da yamma, motoci su gangaro cikin dare zuwa babbar kasuwar 'yan sari da ke Selayang a arewacin birnin, wadda cinikinta ke kankama tsakanin tsakar dare da asuba. Daga can ne ƙananan 'yan kasuwa ke ɗaukowa su kawo Chow Kit kafin gari ya waye. Wasu motocin ma ba nan za su tsaya ba, sai Singafo, tafiyar fiye da kilomita 500. Ga kuma dokar da ta hana manyan motocin kaya shiga tsakiyar birni a lokacin cunkoson safe da na yamma, wadda ita ma take ƙara tura su cikin dare.

A watan Maris na 2020, lokacin kullen korona, da zirga-zirgar nan ta tsaya cik, manoman Cameron sun riƙa zubar da ganye tuli-tuli saboda babu hanyar kai shi kasuwa. Kun ga ke nan duk wanda ya sayi kabeji ɗanye shar da safe a Chow Kit, akwai wanda ya kwana ido biyu a kan sitiyari dominsa.

Daga zango zuwa tasha

Mu ma a ƙasar Hausa haka tarihin namu ya faro, da dabba. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro da jakuna da alfadarai da takarkarai suke tafiya, daga Kano ko Sakkwato har Salaga a ƙasar Gana ta yau, tafiyar watanni. Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, ya ce mutanen cikinsa sun haura dubu. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai nuna hanya, yana da uban dawaki mai kula da biyan kuɗin fito, kuma duk wanda ke son cikakken bayani akwai littafin Paul Lovejoy na 1980 a kan fataucin goro. Akan ɗaura kaya da asuba, a yi tafiya har rana ta yi zafi, sai a sauke a zango, a sallami dabbobi kiwo, a girka abinci. Shi kansa goron, duk da cewa kaya ne mai lalacewa, tsayawa yake bukata: sai an riƙa kwance huhu a kai a kai, a tsince ruɓaɓɓe, a yayyafa ruwa, a sake ganye.

Wannan hutu har garuruwa ya haifa. Zangon Kataf da Zangon Daura da unguwannin Zango na Kumasi da Ankara duk daga wurin sauke kaya suka samo suna. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, maigida ne ke bai wa baƙo mai goro ko mai shanu masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969. Wato wurin kwanan matafiyi yana cikin lissafin cinikin tun asali, kuma kasuwar ce ke ɗaukar nauyinsa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ya kai Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, ya ɗauke gyaɗa da fata da shanu masu yawa zuwa kudu. Jirgi yana da jadawali da tashoshin canjin ma'aikata. Sai daga baya, musamman a shekarun 1970 da kuɗin man fetur ya shimfiɗa kwalta kuma harkar jirgin ta fara ja baya, kaya suka koma kan babbar mota. Dattawanmu ba za su manta da Marsandi 911 ba. A daidai wannan lokaci aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a Kadawa da Kura, tumatir ya samu hanyar zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kilomita dubu da 'yan kai.

A nan ne abu ya juya. Inji ba ya kiwo, ba ya neman inuwa, in dai akwai mai a tanki zai yi ta tafiya dare da rana. Tumatir kuma, saɓanin goro, tsayawa ce ke kashe shi. A cikin motar gaba ɗaya abu ɗaya tak ya rage mai gajiya, shi ne mutumin da ke riƙe da sitiyari. Matsayin da jaki ke riƙe da shi a da, na mai cewa a tsaya, ya zama babu kowa a kai. Duk dokokin da zan ambata a ƙasa ƙoƙari ne na cike wannan gurbi da takarda.

Yadda aka fara ƙidaya awoyi

Ingila tana cikin waɗanda suka fara. Dokar hanya ta 1930 ta ce direban babbar mota kada ya wuce awa biyar da rabi yana tuƙi a jere, kada ya wuce awa 11 a yini, kuma sai ya samu hutun awa 10 a jere. Ba tausayin direba ne kaɗai ya kawo wannan ba, kamfanonin jirgin ƙasa ma suna cikin masu matsa lamba, domin motoci na ƙwace musu kaya da araha, kuma wani ɓangare na arahar daga barcin direba ake yanko shi. Wannan adadi na awa biyar da rabi shi muka gada a ƙa'idojin hanya na Nijeriya.

A Amurka dokar 1935 ce ta bai wa gwamnatin tarayya iko a kan motocin da ke tsallaka jihohi, kuma zuwa 1939 ƙa'idar ta tsaya a kan awa 10 na tuƙi da awa 8 na hutu. Haka aka tafi fiye da shekara 60, sai a 2003 aka mayar da ita awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, sannan hutun awa 10. Matsalar ita ce direba ne ke rubuta awoyinsa da hannu a littafi, har su kansu direbobin suka yi wa littafin laƙabi da littafin ban dariya, saboda kowa ya san abin da ke ciki ba shi ne abin da ya faru a hanya ba. Sai a watan Disamba na 2017 aka wajabta na'urar da ke haɗe da inji tana rubuta awoyin da kanta.

Turai ta riga su a wannan. Tun 1970 ƙasashen kasuwar tarayyar Turai suka yi dokar sanya wata na'ura mai suna takogiraf, wadda ke zana gudun mota da lokacin tafiya da na tsayawa a kan wani faifan takarda. Direbobin Ingila sun ƙi ta ƙwarai, suna kiranta ɗan leƙen asirin gaban mota, sai da kotun Turai ta yanke hukunci a 1979 sannan Ingila ta bi. Tun 2006 sababbin motoci na zamani suke ɗauka, mai aiki da katin direba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 561 ta shekarar 2006 ta ce awa 9 na tuƙi a yini, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako, hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, awa 56 a mako, awa 90 a mako biyu. Ita ma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 153 a 1979, mai cewa kada a wuce awa 4 a jere ba tare da hutu ba, sai dai ƙasashe ƙalilan ne suka rattaba mata hannu.

Me ya sa duk adadin ke yawo a wuri ɗaya? Saboda jikin ɗan Adam ɗaya ne, ko a Kano ko a Landan. A 1997 wasu masana biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka wallafa bincike a mujallar Nature, inda suka nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu daidai da na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da dama suka haramta tuƙi a kanta. Jama'a, a duba wannan da kyau. Direban da bai taɓa kusantar giya ba, mai salla a kan lokaci, in ya tashi tun asuba wajen lodi ya kai goma na dare bai runtsa ba, a kan sitiyari shi da mashayi tafiyarsu ɗaya. Sannan jiki yana da lokacin da yake neman barci ko ana so ko ba a so, daga wajen biyu na dare zuwa shida na safe, da kuma bayan azahar. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu kacal ya kusa tsawon filin ƙwallo, babu kowa a kan sitiyari. Hausawa da suka ce barci ɓarawo ne ba su yi ƙarya ba.

Direba biyu, mota ɗaya

Da doka ta ƙayyade awoyin mutum ɗaya, sai masu motoci suka ce to a sa mutum biyu. A Amurka aka yi gado a bayan kujerar direba, ɗaya na tuƙi ɗaya na kwance, kuma dokarsu tana lissafa wannan kwanciya a matsayin hutu ko da mota na gudu. Da haka mota kan yi kusan awa 22 a yini tana tafiya. Latas ɗin da aka yanka a Salinas ta jihar Kalifoniya, da direba ɗaya zai kwashe kwana huɗu ko biyar kafin ya kai shi kasuwar Hunts Point ta birnin Niyok, direba biyu kan kai shi a kwana biyu zuwa uku. Shi ya sa masu kayan gwari suka fi kowa son wannan tsari.

Amma barcin cikin mota mai gudu ba ya kai na ƙasa. A 2002 masana a jami'ar Virginia Tech suka bi direbobin irin waɗannan motoci da na'urori. Sun samu cewa masu tafiya biyu-biyu sun fi masu tafiya su kaɗai ƙarancin kuskure mai haɗari a hanya, amma barcinsu bai yi nauyi ba, saboda girgiza da ƙara. A kan kwaltar Amurka ke nan fa, ba a kan ramukan hanyar Mokwa zuwa Jebba ba. Turai ta ɗauki wata hanya dabam: ko direba biyu ne, a cikin kowace awa 30 dole kowannensu ya samu hutun awa 9, kuma hutun ba ya shiga lissafi sai motar tana tsaye cik. A ganina wannan ya fi kusa da hikimar madugu.

Akwai abubuwa biyu kuma a dokar ta Turai da suka fi awoyin muhimmanci a wurina. Na farko, ta hana a biya direba bisa yawan kilomita ko yawan kaya in hakan zai sa shi kasada da rai. Na biyu, ta ɗora wa mai kaya da wakilin da ya shirya jigilar alhakin tabbatar da cewa lokacin da aka yi alkawarin isar kaya bai saɓa wa dokar hutu ba. Yawancin jihohin Ostireliya ma tun 2014 suna aiki da doka mai kama da wannan, inda mai lodi da mai tsara lokaci da mai karɓar kaya duk za su iya gurfana in direba ya karya ƙa'ida saboda matsinsu. Sun gane cewa agogon da direba ke tsoro yana hannun wanda zai rage masa kuɗi in ya makara.

Wani abin da ya sassauta wannan agogo shi ne sanyi. A ƙarshen shekarun 1930 wani baƙar fatar Amurka, Frederick McKinley Jones, ya ƙera na'urar sanyaya kaya da ake ɗaurawa a jikin babbar mota, wadda kamfanin Thermo King ya ginu a kanta. Kayan da ke cikin sanyi yana iya jiran direba ya yi barcin awa takwas. Kwandon tumatir da aka danne da wani kwandon a cikin zafin Maris ba ya jira.

Abin da Maleshiya ta yi

Mu dawo nan inda nake. Maleshiya tsohuwar ƙasar mulkin Ingila ce kamarmu, kuma ita ma sai da aka yi asarar rayuka kafin ta ɗaure maganar. Kafin asubar ranar 13 ga Agusta 2007 wata bas ta dare ta kauce daga babbar hanya a Bukit Gantang ta jihar Perak, mutum 22 suka rasu, ana kyautata zaton barci ne ya ɗauke direban. A farkon wannan shekara aka kafa cibiyar binciken kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, wadda ake kira MIROS, kuma bayan haɗarin aka fito da kundin ƙa'idojin tsaro na masu sufuri. A 2010 hukumar kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki ta fitar da cikakken kundi na sufurin hanya: awa 4 a jere, sai hutun minti 30, awa 8 na tuƙi a yini, awa 12 na aiki gaba ɗaya, hutun yini ɗaya bayan kwana shida. Bas ɗin da za ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 300 ko awa 4 dole ta ɗauki direba na biyu. Abin lura a nan shi ne hukumar da ta yi kundin. Sun ɗauki gaban mota a matsayin wurin aiki, kamar masana'anta, don haka mai mota ne ke da alhakin lafiyar wanda ya zaunar a ciki.

Sun kuma gina wurin da za a huta ɗin. Babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga iyakar Tailan zuwa ta Singafo, mai tsawon kimanin kilomita 770, an gama ta a 1994, kuma a jikinta akwai wuraren hutawa da filin ajiye manyan motoci da masallaci da banɗaki da rumfunan abinci. Zango ne na zamani.

Kada a ɗauka sun gama da matsalar. Ranar 13 ga Mayu 2025 wata babbar mota mai ɗauke da tsakuwa ta yi karo da motar 'yan sandan kwantar da tarzoma kusa da Teluk Intan, tara suka rasu. Ranar 9 ga Yuni kuma ɗalibai 15 na jami'ar horar da malamai ta Sultan Idris suka rasu a haɗarin bas kusa da Gerik. Bayan waɗannan ne aka fara tilasta sanya na'urar ƙayyade gudu a manyan motoci, mataki-mataki, daga 1 ga Oktoba 2025. Su ma suna da ƙananan masu motoci da ke biyan direba kuɗin zuwa, in ya yi sawu biyu ya samu biyu, kuma kasuwar Selayang ba ta jiran kowa.

Namu na gida

A wurinmu ba doka ce babu ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 a zamanin Janar Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, kuma a 2007 ta fito da tsarin tantance duk mai motocin haya biyar ko fiye. Kullum kuma tana gargaɗi a kan tafiyar dare da ɗora mutane a saman kaya. To amma babu takogiraf a motar da ta yi lodi a Kwanar Gafan ko a Danja, babu mai iya cewa ga lokacin da direba ya tashi daga barci. Hutun da ake samu a Mararrabar Jos ko Tafa ko Ogere a gefen kwalta ne, a kan tabarma a ƙarƙashin mota, ido ɗaya a buɗe saboda ɓarayin mai da batir. Awoyin da shingaye da masu karɓar haraji suka cinye a hanya kuwa, daga barcin direba ake biyansu. Lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu a ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, tatsar da ake yi wa motoci a hanya tana cikin ƙorafinsu, kuma cikin kwanaki kaɗan farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabo a Legas, ya faɗi warwas a gonakin Kano.

Direba na biyu a tsarinmu kuwa sau da yawa yaron mota ne. Shi ya wuni yana jera kwanduna da ɗaure igiya a rana, shi ke sauka ya sa wa taya waigi a hawa, shi ke gadin mota in an tsaya. Sai wajen biyu ko uku na dare, lokacin da idon maigidansa ya fara rufewa, a ce masa zo ka karɓa. Wato wanda ya fi kowa ƙarancin gogewa, kuma ya fi kowa gajiya, shi ake miƙa wa sitiyari a lokacin da ya fi kowane lokaci haɗari. Wannan ne ya sa na rubuta doguwar wasiƙar nan.

Kawu, Allah Ya ƙara girma, ba ni da bakin koya maka sana'ar da ka fara tun ba a haife ni ba, roƙo ne kawai na ɗa ga uba. Wanda zai karɓi tuƙin dare a cire shi daga aikin lodi, a bar shi ya kwanta da rana, kuma ya kasance yana da lasin ɗin babbar mota na kansa. A ware wuri ɗaya a hanya da aka san motar za ta tsaya cik, su duka biyun su kwanta, a sa wannan a cikin lissafin tafiyar tun daga gida, a kuma faɗa wa mai kaya da dillali kafin a ɗora kwando na farko. In mota ta makara saboda direba ya tsaya barci, kada a taɓa kuɗinsa, kuma a rage kiran waya na "kun kai ina?" a tsakar dare, domin wannan kira ƙafa ce a kan totur. In da hali a gwada kiret na roba maimakon kwando, iska na shiga, na sama ba ya murƙushe na ƙasa, tumatir ya fi jure tafiya. Na san kowanne daga cikin waɗannan kuɗi ne. Amma asarar 'yan kwanduna ana mayar da ita a sawu na gaba.

Kai kuma ƙanina, goro da shayi da Nescafé ɗan lokaci kawai suke saya maka, bashin barcin yana nan. Gadagi da tiramol kuwa ko kusa, suna rufe maka jin gajiyar ne alhali gajiyar na aikinta. In ka ga kana hamma a jere, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ko taya ta taɓa gefen kwalta ba ka sani ba, nemi wuri mai aminci ka tsaya. Ko a Ingila shawarar da ta kasance cikin littafin dokar hanya a da ita ce mutum ya sha kofi ya ɗan kwanta na minti 15 ko fiye kafin ya ci gaba. Faɗin "ba zan iya karɓa yanzu ba" ga maigidanka ba rashin kunya ba ne. Addinin da ya sassauta wa matafiyi salla da azumi ya san tafiya wahala ce.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan a gida ya karanta wa Kawu, ko a buga masa a takarda. Mako mai zuwa insha Allahu zan leƙa Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, inda 'yan uwanmu da dama ke karatu, in na koma Ingila zan ba ku labarinsu. A gaishe mini da su Baba da Hajiya da Inna, da duk wanda ya tambaye ni. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyoyinmu, Ya kai matafiya gida lafiya, amin.

Wassalam,
Naku a kullum, daga Kuala Lumpur.